Shin samun aiki kaɗai ya isa ya kwantar da hankalin manya masu galahanga (autism), ko launin fata ma yana da tasiri?

Malamin makaranta: A ganina, abin da ya fi jefa manya masu lalurar galahanga, wato lalurar da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da jama'a, cikin damuwa shi ne zaman kashe wando, kuma launin fata ba shi da hurumi a wannan magana. A Birtaniya, rahoton Buckland na 2024, wanda gwamnati ta sa aka yi, ya nuna cewa kimanin uku cikin goma na masu lalurar ne kawai ke aiki, alhali a tsakanin waɗanda ba su da nakasa kusan takwas ne. A ba su aiki, hankalinsu zai kwanta.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, ban ƙi ta taka ba game da illar zaman banza, amma ba kowa ake buɗe wa ƙofa iri ɗaya ba. Rahoton Jami'ar Drexel ta Amurka na 2015 ya gano cewa matasa fararen fata masu galahanga sun kusa ninka baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka wajen samun aiki bayan kammala sakandare. Tun daga yarinta ake samun giɓin, domin an daɗe ana makara wajen gane lalurar a jikin yaran baƙar fata, wasu ma a ɗauke su marasa jin magana, har lokacin taimakonsu ya wuce.

Malamin makaranta: Hajiya, ai wannan tsohon zance ne. A 2023 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ce yaro 1 cikin 36 ke da lalurar, kuma an fi gano ta a yaran baƙar fata fiye da farare.

Ma'aikaciyar jinya: Waɗannan 'yan shekara takwas ne, Malam. Mai shekara talatin da ya tashi ba tare da an gane halinsa ba, wannan ƙididdiga ba za ta mayar masa da abin da ya rasa ba.

Yayan wani mai galahanga: Ku gafarce ni, zan tsoma baki. Ƙanena baƙar fata ne, ya yi aiki a wani kamfani a Amurka, kuma aikin ne ya kusa durƙusar da shi. Kullum yana tilasta wa kansa kallon idon mutane, yana danne motsin hannun da ke sanyaya masa rai, saboda yana tsoron a fassara shirunsa da raini ko mugun nufi. Idan ya dawo gida ko magana ba ya iya yi. Bai sami sauƙi ba sai da ya koma inda aka ba shi ɗaki marar hayaniya, kuma ake rubuta masa umarni dalla-dalla, duk da cewa albashin bai kai na wancan ba.