Hotunan da na ɗauka a ƙarƙashin ruwa a Dahab duk sun fito shuɗaye

Ɗan Azhar:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Alƙahira nake karatu. Hutun da ya wuce muka haɗa kuɗin mota mu huɗu muka tafi Dahab, can bakin Bahar Maliya a yankin Sina'i. Na ari wata ƙaramar kamara a hannun maƙwabcina, irin wadda aka rubuta a jikinta cewa tana jure ruwa har mita 15. Ni ba gwanin nutso ba ne, iyon kududdufi na iya tun muna yara a Kano. Gilashin ido da bututun numfashi kawai na sa, ina shawagi a sama, jefi-jefi in riƙe numfashi in nutsa mita uku ko huɗu.

Abin da idona ya gani sai dai a ce Subhanallah. Murjani ja da ruwan hoda, ga ƙananan kifaye masu ruwan goro sun yi dafifi a kansa. Amma da na koma masauki na buɗe hotunan, kusan 200, duk shuɗaye, kamar an tsoma su a marinar Ƙofar Mata. Waɗanda na kunna wa filashi kuma sun cika da fararen ɗigo-ɗigo. Ranar ƙarshe ma gilashin kamarar ya yi hazo daga ciki. Kamarar ce ko hannuna? Ina so in koma bayan jarrabawa.

Tsohon Mai Hoto:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ɗora wa kamarar mutane laifi, aikin ruwa ne. Hasken rana launuka ne a haɗe, ruwa kuwa ɗaya bayan ɗaya yake shanye su. Ja ne na farko, wajen mita 5 ya kusa ƙarewa. Ruwan goro ya biyo baya, sannan rawaya, shuɗi ne mai jurewa har can ƙasa. Idonka ya ga ja ne saboda ƙwaƙwalwa tana yi maka gyara, kamara kuwa abin da ya iso gare ta take rubutawa.

Ga inda mutane ke mantawa: ba zurfi kaɗai ake lissafawa ba. In murjanin yana mita uku a ƙasa, kai kuma kana nesa da shi mita uku, to hasken ya yi tafiyar mita shida a cikin ruwa kafin ya shiga kamara. Shi ya sa maganin farko kyauta ne, ka matsa. In ka ga kamar ka matsa, ƙara matsawa, har ya zama bai fi kamu ɗaya tsakaninku ba. Ka rabu da zuƙowa daga nesa, ruwan da ke tsakaninku yana nan.

Ɗigo-ɗigon nan kuwa yashi ne da ƙananan halittu da ke yawo a ruwa. Filashin yana dab da idon kamara, sai hasken ya dake su ya dawo kai tsaye, kamar ka haska cocila cikin ƙurar hunturu. Ƙwararru suna ɗaura fitila a dogon hannu can gefe don haka. Kai da ba ka da ita, kashe filashin, ka shiga ruwa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, rana tana bayanka.

Bahaushen Bur Sudan:

Sannu ɗan'uwa. Kafin yaƙin Sudan na 2023 na yi shekaru ina aiki a jirgin da ke kai baƙi masu nutso wuraren murjani na Sanganeb da Sha'ab Rumi, inda Bafaranshen nan mai binciken teku Jacques Cousteau ya kafa gidansa na ƙarƙashin ruwa a 1963. Na ga kamarori da yawa sun mutu a gabana, har da tawa.

Hazon nan, ka bar kamarar a rana ne ko ka buɗe murfin batir a bakin teku. Iska mai ɗumi da laima ta shiga, da ka tsoma ta a ruwa mai sanyi sai raɓa ta kwanta a gilashi. Ka sa batir da kati tun a ɗaki, ka rufe, kada ka sake buɗewa sai ka dawo. Kafin ka rufe ka duba zoben robar da ke bakin murfin a wuri mai haske. Tawa gashi guda ɗaya ne ya kwanta a kan robar ban gani ba, ina gaggawa, ruwan gishiri ya shiga ya gama da ita. Kuma kada ka yi tsalle cikin ruwa da ita a hannu, dukan ruwan ya fi nutso a hankali ƙarfi. Ka fito, ka jiƙa ta a ruwan daɗi kamar minti goma kana danna maɓallan, don gishiri in ya bushe a ciki sai su ƙage.

Baba Mai Hoto ya ce ka matsa, gaskiya ne, amma da kamara, ba da ƙafa ba. Murjani halitta ce mai rai, taku ɗaya yana karya abin da ya yi shekaru yana girma. Akwai mai ƙuna kamar wuta, ga wani kifi mai dafi da ke kwanciya kamar dutse, ba ka gane shi sai ka taka.

Malamar Kimiyya:

Zan ɗan ƙara a kan zancen Baba. Haske yana karyewa in ya fito daga ruwa ya shiga iskar da ke cikin gilashin idonka, sai abu ya ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma yi kamar ya fi kusa. Wato lokacin da kake jin ka matsa, da saura.

Wasu za su ce ka sayi jan gilashin da ake maƙalawa a gaban kamara. A zurfin da kake wasa ban ga amfaninsa ba, kusa da saman ruwa hoton zai rine ya yi ja. Gara ka duba ko kamarar tana da tsarin RAW, shi ke ajiye bayanin launi gaba ɗaya ka gyara a kwamfuta. In babu, nemi saitin da ake nuna wa kamara abin da yake fari, ka nuna mata farin yashi a daidai zurfin da kake.

Sannan don Allah, in abokai sun ja ka ramin tekun nan na Blue Hole da ke kusa da Dahab, ka tsaya a sama gefen murjani. Zurfinsa ya kai mita 100, ya ci masu nutso da yawa, cikinsu har da ƙwararru.

Ɗan Azhar:

Allah ya saka da alheri. Na karɓo kamarar na duba, RAW ɗin yana nan, har da wani saiti mai hoton kifi da ban taɓa dannawa ba. Yaya na Bur Sudan, ka kama ni, a bakin ruwa na canja batir, hannuna ma da yashi. Yanzu na ga ƙwayoyi biyu a kan robar. Da me zan cire su kafin mai kamarar ya gani?

Bahaushen Bur Sudan:

Ƙyalle mai laushi wanda ba ya zubar da zare, irin na goge tabarau. Ban da allura, ban da tsinken sakace.