Littattafan kyauta na intanet a makarantunmu na Legas: wa ya gwada, me ya gani?

Malamin Lissafi, Agege:
Assalamu alaikum. Ina roƙon malamai da iyayen yara da ke nan Ikko su faɗa mana abin da suka gani da idonsu, ba abin da aka ji a taron bita ba. Ina magana ne kan littattafai da darussan da ake sakewa a intanet, waɗanda masu su suka yarda a sauke, a buga, a raba, wasu ma har a sauya su. Tun 2002 UNESCO take maganarsu, a 2019 kuma ƙasashe suka amince da shawararta ta a yaɗa su. Makarantarmu ƙarama ce mai zaman kanta, yawancin yaran 'ya'yan direbobi ne da masu gadi da ƙananan 'yan kasuwa. Mai makarantar yana so mu rage littattafan da muke sa iyaye su saya, mu koma waɗannan. Wa ya taɓa gwadawa?

Maman Hanan, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Malam. 'Yan aji ɗaya da biyu na firamare nake koyarwa, kuma ka san halin yaranmu a garin nan. Hausa a gida, Yarbanci da buroka a layi, Turanci a aji, ga darasin Yarbanci da dokar jiha ta 2018 ta wajabta. Yaro ɗan shekara shida, sai ka miƙa masa littafin Turanci ka ce ya karanta, ya yi ta kallonka.

Abin da ya taimake ni shi ne African Storybook, na wata ƙungiya a Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya. Ƙananan labarai ne masu hotuna, akwai na Hausa a ciki, kuma lasisinsu na Creative Commons ya ba ka damar fassarawa da gyarawa muddin ka bar sunan marubuci da mai zane. Nan ne amfanin yake a wajena, ba a kyautar ba. Nakan ɗauki labari, in sauya sunayen yaran cikinsa zuwa irin namu, inda aka ce jirgin ƙasa in hoton bai hana ba in mai da shi danfo, in sa Hausa a sama Turanci a ƙasa. Yaran da ba sa buɗe baki sun fara rige-rigen karantawa. Wata uwa ta tare ni a bakin ƙofa tana dariya, wai 'yarta ta hana ta barci sai ta karanta mata takardar. Ita uwar yaƙi da jahilci kawai ta yi a gida kafin aure, Hausar boko take iya karantawa, shi ya sa littafin Turanci bai taɓa haɗa ta da karatun 'yarta ba.

Sai dai a kula. Ba kowace fassarar Hausa da ke yawo a intanet ba ce za a miƙa wa yaro haka nan. Wata babu ƙ da ɗ da ɓ, wata kuma da ka ji ka san na'ura ce ta juya ta. Sai na bi layi-layi kafin in buga.

Baban Khalifa, Alaba Rago:
Ni ba malami ba ne, dabbobi nake sayarwa, amma ni nake biya. Malama, kin ce kyauta. Data fa? Farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin 100. Wayar kirki guda ɗaya ce a gidana, ita nake fita da ita kasuwa, da ita ake turo min kuɗi. Ina dawowa bayan isha'i yara uku su yi mata caa. Lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu mun ga wannan rawar, aka ce a bi darasi ta waya da rediyo. Babban ya ce bidiyon lissafi yake kallo, na leƙa na tarar da ƙwallo. Littafi ko ya tsufa ƙane zai gada, ba ya neman caji, kuma ba a kallon ƙwallo a ciki.

Maman Hanan, Idi-Araba:
Gaskiyarka Alhaji. Shi ya sa ban taɓa tura yaro waya ba. Ni nake saukewa, mu haɗa da malamai biyu mu kai Shomolu a buga da yawa, ya fi fotokwafin bakin titi sauƙi nesa ba kusa ba.

Malam Fiziks, Ketu:
Nawa ɓangaren sakandare ne. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje na kirki, akwati ɗaya ne da kayan ciki suka girmi ɗaliban. Ina amfani da PhET, manhajar gwaje-gwajen kimiyya a kwamfuta ta Jami'ar Colorado, wanda Carl Wieman, mai lambar Nobel ta fiziks, ya fara a 2002. In ka sauke sau ɗaya yana aiki ba intanet. A fuskar kwamfuta yaro zai haɗa batir da waya da ƙwan fitila, ya ƙara batir ya ga haske ya ƙaru, ya haɗa ba daidai ba ya ga wuta ta kama. Dokar Ohm da nake ta maimaitawa a allo ana gyaɗa min kai don ladabi, ranar da suka ja da hannunsu suka ga allura ta motsa, tambayoyin da suka yi sun nuna min ta shiga.

To amma WAEC ba ta san wannan ba. Ranar jarrabawar gwaji, ainihin wayar lantarki za a ba yaro da ainihin ma'auni, kuma na ga yarinyar da ta ƙware a kwamfuta hannunta na rawa ta rasa inda za ta ɗaura. Don haka akwatin nan nawa bai yi ritaya ba.

Batun littattafai kuma, Malam na Agege, ka gaya wa mai makarantarku ya bi a hankali. OpenStax na Jami'ar Rice littattafai ne masu kyau ƙwarai, amma yawancinsu don ɗaliban jami'a a Amurka aka rubuta. Na Siyavula na lissafi da kimiyya sun fi kusa da mu, su ma manyan azuzuwansu tsarin Afirka ta Kudu suke bi. Mu kuwa manhajar NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, muke bi, a kanta WAEC da NECO suke tambaya. Zane da tambayoyin gwaji nake tsinta a ciki, sai in jera su yadda zangonmu yake tafiya. Miƙa wa ɗan SS 1 littafi mai shafi sama da dubu a waya ba koyarwa ba ce.

Ɗan Kwamfuta, Ikeja:
Baba Alhaji, matsalar data tana da magani, ko da ba duka ba. A Computer Village nake gyara, na kuma haɗa wa wata Islamiyya da ke haɗa boko wannan tsarin. Tsohuwar laftof ɗaya, aka sa mata Kolibri, manhajar darussa da ke aiki ba intanet, aka zuba darussan Khan Academy da labaran yara. Wayoyi da ke kusa suna shiga ta wayifai ɗin cikin gida, ko sisin data ba ya tafiya, kuma ba inda yaro zai zarce sai abin da aka zuba. Wata manhajar mai suna Kiwix ma haka take ɗauke Wikipedia ba intanet, har da ta Hausa. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da gwamnatin tarayya da UNICEF da Microsoft suka buɗe a 2022, yana da darussa da Hausa. Abin da ke kashe tsarin wuta ce, sai kuma rashin mai kula. Malamin da na koya wa ya samu wani aiki ya tafi, laftof ɗin tana cikin kabad har yau.

Abu Sumayya, Obalende:
Don Allah a bambance. Littafin wani marubuci da aka ɗauki hotonsa shafi-shafi ana yawo da shi a WhatsApp ba ya cikin wannan magana. Wannan haƙƙin mutum ne aka ci, bai yafe ba. A duba shafin farko ko na ƙarshe, in mai abu ya sake shi za a ga alamar lasisin.

Hajiya Hedimasta mai ritaya, Agege:
'Ya'yana, na karanta duka. Abin da ban ji kowa ya faɗa ba, alhali kowannenku ya nuna shi, shi ne wahalar malami. Maman Hanan tana bin layi-layi da dare. Na Ketu yana tsinta yana jerawa. Wa ya biya su? An ba ku buhun shinkafa kyauta, amma itace da mai da tsayuwa a murhu naku ne. Mai makaranta ya ga zai burge iyaye, bai lissafa cewa aikin da kamfanin buga littafi yake yi da editoci ya dawo kan malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba.

Ba ƙin abin nake yi ba. Kafin in ajiye aiki na ga malaman da suka yi karatu ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna suna amfani da darussan TESSA, wani shirin horar da malamai a Afirka, waɗanda ke koya wa malami yadda zai raba yara rukuni-rukuni ya koyar da abin da ke kusa da shi, murfin kwalba ko tsakuwa. Aji ya canza a hannunsu. Wasu kuma littattafan jami'ar karatu daga nesa ta NOUN da ke shafinta kyauta suka riƙa karantawa don su gyara nasu ilimin. A ganina malami ya fi ɗalibi cin moriyar kayan nan, daga wajensa take gangarowa. In malamin bai san darasin ba, kuskuren da ke cikin takarda ma ba zai gani ba, haka zai juye wa yara.

Ɗana na Agege, ka ce wa mai makarantar ya bar littafin Turanci da na lissafi yadda suke. Ya fara da labaran ƙananan aji. Ya ware muku awa biyu a mako cikin lokacin aiki, kuma kuɗin bugawa ya fito daga aljihun makaranta.

Malam Fiziks, Ketu:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Wata asarar kuma, kowa yana gyara nasa a ɗakinsa, na Mile 12 bai san na Agege ya riga ya yi ba. Lasisin ya yarda mu raba abin da muka gyara. Ina da na wutar lantarki na SS 2 a jere bisa zango. Maman Hanan, in za ki saki labaranki, akwai malamai biyu a firamaren da ke bayanmu da suke nema.

Maman Hanan, Idi-Araba:
Zan turo, amma a bar sunayen masu zanen a jiki, sharaɗin ke nan. Wanda zai buga kuma ya duba ƙ da ɗ tukuna, wasu injinan Shomolu akwati-akwati suke fito da su.