Waɗanda suka koyi ɗaga ƙarfe irin na Olamfik a hannun koci, yaya watan farko ya kasance muku?

Sabon Shiga: Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 4 ina ɗaga ƙarfe ni kaɗai, ina tsugunnawa da kilo 140 a kafaɗa in miƙe lafiya lau. Sati uku ke nan da na fara zuwa wajen koci don in koyi sinach (fizge ƙarfe daga ƙasa zuwa saman kai a tashi ɗaya) da kilin-da-jak (a kai shi kafaɗa, wato kilin, sannan a cilla shi saman kai, wato jak), amma har yau bai bari na sa faifan nauyi ko ɗaya a sanda ba. Daga sandar roba sai sandar ƙarfe mai kilo 20, ita ma tsirararta. Ku ma haka aka yi muku, ko dai ja mini rai yake yi?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni sai da na yi sati shida. Ranar farko ya miƙo mini sandar roba, ya ce in ɗaga ta sama da kai, hannu a buɗe, in tsugunna har ƙasa. Ban kai rabi ba dugadugaina suka tashi, sandar ta rinjayo gaba, na dafa ƙasa. Ga wata yarinya da ba ta kai rabin nauyina ba tana gefe tana yin abin kamar wasa. Na ji kunya ƙwarai.

Abin da na gane daga baya shi ne irinmu masu ƙarfin damtse mun fi wahalar koyarwa. Sinach fizga ɗaya ce daga ƙasa zuwa saman kai, kafin ka ƙifta ido an gama. Ƙafa da ƙugu ne ke cilla ƙarfen, kai kuma ka faɗa ƙarƙashinsa ka tare. Mu kuwa mun saba ja da hannu, sai gwiwar hannu ta lanƙwashe tun ƙarfen bai kai cinya ba, ƙarfin ƙafar ya tafi a banza. Kullum maganarsa ɗaya: "Hannunka igiya ce, bar shi ya rataya!" Ni kuma in rantse ban lanƙwasa ba. Sai da ya ɗauke ni a waya ta gefe, ya tsayar da hoton daidai wurin, na ga gwiwar hannuna a lanƙwashe, sandar ta yi nisa da jikina kusan taƙi guda. Tun daga ranar na daina musu da shi.

Uwar Biyu: Ni abin da kocina ya fara koya mini yadda ake yar da ƙarfe ne, tun kafin ɗagawa. Idan ya rinjaya gaba, ki tura shi ki ja baya. Idan ya rinjaya baya, ki saki ki yi tsalle gaba. Yini guda muka yi a kan wannan, ina ta ƙunƙuni a zuci. Bayan wata biyar, kilo 38 ya wuce mini ta baya a sinach, ban ma san lokacin da na saki ba, sai ƙarar faɗuwarsa na ji a bayana. Da na yi gardamar riƙewa, da kafaɗa ta tafi.

Sai riƙon ƙugiya, wanda ake naɗe babban yatsa a jikin sanda a danne shi da sauran yatsu. Sati biyun farko har farcena ya yi baƙi. Sandarmu ta mata kilo 15 ce, kaurinta milimita 25, ta maza kuma 28, don haka idan ƙaramin hannu gare ki kada ki yarda a ba ki ta maza don kawai ita ce a kusa.

Mai Ciwon Wuyan Hannu: Ku yi haƙuri, ba kowane koci ne ya san abin da yake yi ba. Na farkon da na samu akasin naku ne. Sati na biyu ya loda mini kilo 70 a kilin, alhali ban iya juyo gwiwar hannu gaba da sauri ba. Maimakon sandar ta sauka a kafaɗa, sai ta sauka a tafin hannuna, gwiwar hannun ta bugi cinya. Wata biyu ban riƙe sanda ba. Kuma kafin ka ajiye ƙarfe ya jero maka gyara bakwai, ka rasa wanne za ka kama. Wanda nake wurinsa yanzu gyara ɗaya yake bayarwa a rana, ɗagawa biyu ko uku a jere sai hutu. Sabon Shiga, ka tambaye shi kai tsaye me yake jira ya gani. In ya san aikinsa zai faɗa maka.

Dogo: Takalmin ɗaga ƙarfe mai tudun dunduniya ya rage mini rabin matsalar tsugunno. Sauran rabin miƙa idon sawu ne, minti goma kullum.

Tsohon Hannu: Af, na manta gasata ta farko. Dama uku ake ba ka a sinach, uku a kilin-da-jak, minti ɗaya kuma daga kiran sunanka. Na so in buɗe da kilo 85, koci ya rubuta 78, na ɓata rai. A jak na biyu na kai ƙarfen sama, ina murna, sai ga jar fitila biyu cikin fitilun alƙalai uku, wato ba a karɓa ba. Gwiwar hannun hagu ta ɗan lanƙwashe sannan na ƙarasa miƙe ta da ƙarfi, alƙalai kuwa ba sa karɓar wannan. Tun bayan gasar Olamfik ta 1972 aka cire salon tura ƙarfe sama da ƙarfin hannu zalla daga wasan. Wanda ke ganin girman jiki ne ke ɗagawa ya nemi bidiyon Naim Suleymanoglu na Turkiyya a Seoul, 1988: yana ajin kilo 60, ya ɗaga kilo 190 a kilin-da-jak.

Sabon Shiga: Na gode yayyena. Na tambaye shi jiya kamar yadda aka ba ni shawara. Bai ce komai ba, ya zaro waya ya nuna mini: dugadugaina suna tashi, hannun dama yana lanƙwashewa da wuri. Ya ce in na yi biyar a jere ƙafa a ƙasa, ranar Litinin zai sa mini korayen faifai biyu masu kilo goma-goma, kilo 40 ke nan da sandar. Yau uku na samu. Yaya Uwar Biyu, in kina naɗe babban yatsa da filasta saboda riƙon ƙugiya, mai talewa ce ko mai tauri? Yatsana ya fara tsagewa ta gefen farce.