Yayata ta fita takaba amma ba ta dawo daidai ba: wace irin jinyar magana za mu nema?

Auta ta Birni: Assalamu alaikum ƴan zaure. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya taimaka. Mijin yayata ya rasu, yau wata tara ke nan. Ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma ta fita, muka ɗauka sannu a hankali za ta warware. Shiru. Barci ba ya ɗaukarta sai gab da asuba, abinci sai an matsa mata, ta daina suyar ƙosan da take yi a ƙofar gida, foyandi ma ta daina zuwa. Kullum maganarta ita ce ta zama mana nauyi. Mun kai ta likita, lokotoro ya sa aka auna jini, ya ce jiki lafiya lau, ciwon damuwa ne. Ya rubuta ƙwaya, sannan ya ce a samo mata ƙwararren da za ta riƙa zama da shi suna magana, wai wannan ma magani ne, kuma iri-iri ne. To wanne za mu nema?

Majo: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan mamaci, ita kuma ya ba ta lafiya. Kafin mu shiga zancen iri-iri, wannan kalmar ta "na zama nauyi" ta tsaya mini a rai. Ki zauna da ita ku biyu, ki tambaye ta kai tsaye ko tunanin kashe kanta yana zo mata. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ta ce eh, yau ɗin nan ku koma likita, kada a bar ta ita kaɗai. Maganin ɓera da na ƙwari a fitar da su daga ɗakinta, ƙwayoyin kuma su zauna a hannunki, ki riƙa ba ta na rana.

Auta ta Birni: Na tambaye ta ɗazu bayan la'asar, Majo. Ta ce ba ta taɓa niyyar yi wa kanta komai ba saboda tsoron Allah da kuma yaranta, amma sau da yawa tana fatan ta kwanta kada ta tashi. Na karɓi ƙwayoyin.

Majo: Kin kyauta. Wannan maganar ki faɗa wa lokotoron yadda ta faɗa miki in kun koma, kuma ki riƙa maimaita mata tambayar lokaci-lokaci.

Mushe na Zongo: Ni na sha wannan ciwon da kaina, don haka abin da na gani zan faɗa. Lokacin ina karatu a Yamai na yi zama goma sha huɗu da wani masanin halayyar ɗan Adam, irin jinyar da a Faransanci ake taƙaita sunanta da TCC. Wani likita ɗan Amurka, Aaron Beck, shi ya tsara ta a shekarun 1960. Tushenta shi ne mai damuwa yana da wasu tunane-tunane da ke faɗo masa ba sallama, kuma yana karɓarsu kamar an yanke hukunci. Nawa shi ne "ba ni da amfani". Masanin da nake zama da shi ya ba ni littafi, duk sadda raina ya ɓaci in rubuta me ya faru, me na ce wa kaina, me na ji a jikina. In mun haɗu sai ya ce to kawo shaida. Abokinka bai amsa gaisuwarka ba, ka ce ya raina ka. Wace shaida gare ka? Babu wata fassarar? Sati shida na farko ban ga komai ba, har na so in bari. Daga baya na fara kama tunanin tun yana bakin ƙofa. Yau shekara bakwai, in na ji abin na neman dawowa, littafin nan nake ɗaukowa. "Na zama nauyi" da yayarki ke faɗi, irin abin da TCC ke aiki a kai ke nan. Ita nake ba ku shawara.

Auta ta Birni: Na gode Mushe. Sai dai yaya ba ta yi lakwal ba, allo ta yi. Zancen rubutu a littafi zai yi mata wuya.

Mushe na Zongo: Ana iya yi da baki, ko da hotuna. Amma gaskiya sai an dace da wanda ya iya sarrafa ta haka, kuma ya ji Hausa sosai. Nawa da Faransanci muka yi.

Ɗalibar jami'a: Da izininka Mushe, ni a nan zan saɓa maka kaɗan. Ba ina rage darajar TCC ba ne, ita ce aka fi yi wa bincike a duniya. Amma a duba inda ciwon yaya ya samo asali. Rashi ne, kuma tare da rashin matsayinta ya sauya: jiya matar aure mai ɗakinta, yau uwar marayu da ke jiran abin da dangi za su yanke a kanta. Akwai jinyar da aka gina don irin wannan, wadda ke duba hulɗar mutum da mutanensa. Gerald Klerman da Myrna Weissman ne suka tsara ta a Amurka a shekarun 1970, ana ce mata TIP a Faransanci. Ita takan tambaya me ya faru tsakaninki da jama'arki lokacin da ciwon ya fara: mutuwa ce, ko rikici da wani na kusa kamar miji ko kishiya ko uwar miji, ko sauyin rayuwa irin saki da ƙaura da rasa sana'a, ko kuwa kaɗaici. A zaɓi guda ɗaya ko biyu a yi aiki a kansu. In mutuwa ce, ana ba mutum fili ya ba da labarin mamacin, jinyarsa, ranar rasuwar, abin da bai samu faɗa masa ba, sannan a taya shi neman waɗanda za su cike wani ɓangare na gurbin.

Abin da ya sa nake son ta, an gwada ta a ƙauyukan Yuganda, yankin Masaka da Rakai, aka buga sakamakon a 2003. Rukuni-rukuni aka yi, maza daban mata daban, sau ɗaya a sati har sati 16, kuma masu jagorancin ƴan yankin ne da aka horar, ba likitoci ba. Waɗanda suka shiga sun samu sauƙi nesa ba kusa ba a kan waɗanda ba su shiga ba. A 2016 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar da littafin koyar da ita a zama 8 na rukuni. Ba ta buƙatar biro ko takarda.

Hajiya ta Garin Malam: Ƴata, rukuni a garin nan? Ki tara mata goma a ce kowa ta buɗe cikinta, kafin magariba labarin ya kai Kasuwar Dole. Ni abin da ya hana ni kai ɗiyata ke nan. Da an ji ta ga likitan ƙwaƙwalwa, shi ke nan an ce taɓin hankali ne, kuma ƙannenta ba su yi aure ba. Mu da can in mace ta shiga wannan hali, goggonta ce ke zuwa ta kwana biyu a ɗakinta.

Ɗalibar jami'a: Gaskiyarki Hajiya, tsoron a wurinsa yake. Shi ya sa dokar farko a rukunin ita ce riƙon amana, kuma wadda ba ta natsu da taro ba ana yi mata ita kaɗai, asalinta ma haka take. Zancen goggo kuma ba ki kauce ba. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, tsofaffin mata ya horar tun wajen 2006, suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare. Mutum ya zo ya zauna sau shida, kaka ta saurare shi, su jera matsalolinsa, su ɗauki guda su warware. A can sunan ciwon a harshensu yana nufin yawan tunani, kamar dai yadda muke faɗi. An gwada tsarin, an buga sakamakon a 2016, ya yi aiki. Bambancin kakar benci da goggon gida shi ne horo. An koya mata kada ta yi saurin cewa "yi haƙuri" ta rufe zancen, kada ta yi faɗa, kuma ta san lokacin da abin ya fi ƙarfinta ta tura gaba.

Ɗan kabu-kabu: Salamu alaikum manya. Ni ban san sunayen nan ba, amma ga abin da ya faru da ni. Bayan an sace mini babur na yi wata huɗu a ɗaka, fada ma na daina zuwa. Wata ma'aikaciyar lafiya ta zauna da ni sau biyar, sati-sati. Ba ta tone-tonen baya ba. Ta koya mini jan numfashi a hankali in ƙirjina ya cushe. Sannan ta ce in faɗi abin da nake yi da, wanda na bari. Muka fara da ƙarami: bayan sallar asuba in share ƙofar gida. Sati na biyu in je fada in sha shayin farko kawai in dawo. Na ce mata ai ba na jin sha'awa. Ta ce kada in jira sha'awa, in fara yi, sha'awar za ta biyo baya. Wallahi haka aka yi. Sati na huɗu muka zauna kan zancen babur, ta sa na lissafo duk hanyoyin da ke akwai har da waɗanda na raina, na zaɓi in karɓi na wani ina kawo masa balas kullum.

Majo: Abin da ka bayyana ya yi kama da tsarin OMS da ake kira PM+, zama biyar, kowanne kamar awa ɗaya da rabi. An gwada shi a Peshawar ta Pakistan da kuma Nairobi. Ɓangaren shara da shayin nan kuma jinya ce mai zaman kanta, ta tada mutum ga aiki. Dalilinta a fili yake: damuwa na sa mutum ya janye, janyewar ta raba shi da duk abin da ke sanyaya masa rai, sai damuwar ta ƙaru. Ana karya zagayen ne ta ɓangaren aiki. A Ingila an gwada ta kafaɗa da kafaɗa da TCC a kan mutum 440, aka buga a 2016, ba ta gaza ba, alhali ƙananan ma'aikata ne suka ba da ita, kuma ta fi araha.

Ra'ayina a nan Damagaram, inda ƙwararrun nan a yatsu ake ƙirga su, kada a tsaya jiran wani suna na musamman wata da watanni. Bincike bai nuna tazara mai yawa tsakanin waɗannan hanyoyin ba in an yi su yadda ya kamata. Abin dubawa: mutumin ya samu horo? Akwai tsari, an ce zama kaza ne kuma ga abin da za a yi? Yana riƙe sirri? Mara lafiyar ta natsu da shi? In an yi zama huɗu ko biyar tana fitowa kullum kamar an yi mata faɗa, a canza mutum.

Mushe na Zongo: Na yarda da wannan, Majo. Nawa ma rabin sauƙin daga mutumin ne, bai taɓa katse ni ba. To ita waccan doguwar jinyar ta tono yarinta, ta gidan Freud, tsohon likitan nan ɗan ƙasar Ostiriya?

Majo: Tana nan, akwai gajeren nau'inta ma da ke taimakon wasu, musamman wanda matsala iri ɗaya ke ta maimaituwa a rayuwarsa. Amma lokaci take ci da kuɗi, ba ita zan fara nema wa yaya ba.

Malam na Sabon Gari: Bari in sa baki, don na san a gida za a samu mai cewa raunin imani ne ko iska ce. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma annabi ne. Neman magani ba ya warware tawakkali. A ci gaba da addu'a, a kai ta likita. Abin da nake roƙo, a daina ce mata "ba ki yarda da ƙaddara ba ne". Ta yarda. Wannan maganar nauyi take ƙara mata, sai ta ga har Ubangijinta ta saɓa wa.

Maman Tagwaye: Allah ya saka, Malam. Ni bayan haihuwa ya same ni, ana ta barka ni ina kuka a banɗaki. Sajfam ce ta gane, ta riƙa zama da ni da wasu hotuna na uwa da jariri, muna duba tunanin da ke hana ni cin abinci da ɗaukar yaran. Auta, abu biyu daga abin da na gani. Ƙwayar ba ta aiki nan take, tawa sai da ta kusa wata kafin na ji bambanci, kada ku ce ba ta yi ba ku jefar. In ta ji sauƙi kuma kada ta tsayar da kanta, ana ci gaba da sha wata da yawa, lokotoro ne zai rage mata sannu-sannu. Na biyu, ku nemi mace in da hali. Mace mai sabon rashi ba kowane zance za ta iya yi da namiji ba.

Majo: Ƙari ɗaya. In yaya ta taɓa shiga wani lokaci na rashin barci ba gajiya, yawan magana da kashe kuɗi ba lissafi, a sanar da lokotoro, don wannan wani ciwo ne daban kuma ƙwayar damuwa ita kaɗai na iya tayar da shi.

Auta ta Birni: Ba ta taɓa ba, Majo. Allah ya saka muku duka. Na karanta mata abin da Ɗaliba ta rubuta, da na zo wurin ba da labarin mamaci sai ta fashe da kuka, ta ce tun ranar sadakar arba'in ba wanda ya sake ambaton sunansa a gabanta, kowa na gudun kada ya tayar mata da hankali. Mun kai ƙarfe goma sha ɗaya na dare tana ba ni labarin jinyarsa. Ranar Litinin za mu koma likita, zan tambayi ko akwai mace da ta samu horon wannan ta hulɗa da mutane, in babu mu karɓi ta zama biyar ɗin. Na kuma ce mata gobe ni zan jiƙa wake, ita ta nuna mini hannun gishiri kawai.

Maman Tagwaye: Ki jiƙa kaɗan, rabin tiya ya isa, kada ta ga aikin ya yi mata yawa. In kuna son rakiya ranar Litinin ki yi mini magana ta gefe, na san ƙofar da ake bi ba sai an ratsa ta cikin jama'a ba.