Wace kalmar Hausa za mu ba coilover? Ƙarar ƙafar Golf ce ta jawo tambayar

1/ Jama'a, kalma nake nema, amma bari in fara da ƙarar da ta sa ni nema. A Jamus nake zaune, ina da tsohuwar Golf GTI da nake kaiwa filin tseren motoci na Nürburgring a ranakun da ake buɗe hanyar ga kowa, ka biya ka zaga da motarka ta gida. Zagaye ɗaya ya haura kilomita 20, kwana a kan kwana, ga hawa ga gangara. Shokin da ya zo da motar ya yi laushi da wannan aiki, tana kwanciya a kwana kamar kwale-kwale. Sai na cire shi na sa abin da Turawa ke kira coilover.

2/ Ba a yi mako ba ƙafar gaba ta fara magana, kuma da murya biyu. In ina tsaye na murza sitiyari har ƙarshe, sai in ji ƙwas! sau ɗaya, kamar an karya kara. In na hau titin da aka shimfiɗa da duwatsu kuwa, sai kwal-kwal-kwal daga ɓangaren direba.

3/ Ina da kawu a Kano wanda yake gyaran ƙafar mota tun kafin a haife ni. Na aika masa saƙon murya, na ce, "Kawu, na sa koyil-oba, ƙafa ta fara ƙara." Amsarsa: "Ɗan nan, me ya haɗa koyil da ƙafa? Koyil ai wuta yake ba fulogi." Na gyara na ce shoki nake nufi. Sai ya ba ni abin da zai ba kowa: ɗaga ta a jak, kama taya sama da ƙasa ka girgiza, in akwai wasa duba bol-joyin da boris, kama ta gefe da gefe, in akwai wasa tayarod ne, sannan ka zura ƙarfe ka motsa bushin. Na yi duka. Babu wasa ko na sisin kwabo. Shawararsa daidai ce, sai dai ta motar da ba a taɓa ba ce, don kalmar da na ba shi ba ta nuna masa abin da na canza ba.

4/ Ga abin. A Turanci sunan yana nufin sifirin a kan shoki, kuma wani ya riga ya ce mu fassara shi haka nan mu huta. Matsalar ita ce ƙafar gaban Golf irin ta MacPherson ce, wadda ta ci sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson, kuma tun daga kamfani sifirin ɗinta a kan shoki yake. Kowace Golf ta haya da ke tsakanin Kano da Zariya haka take. Abin da ya bambanta nawa shi ne jikin shokin an yi masa tiredi kamar ƙusa, da zobe biyu na ƙarfe a kai. Sifirin yana zaune a kan na sama, na ƙasa yana kulle shi. Ka murza su sama da wata sifana mai baki kamar ƙugiya, mota ta ɗaga. Ka murza ƙasa, ta zauna.

5/ Shawarwarin da suka shigo tun da na yi wannan tambaya jiya:

Wani ya ce "shokin tsere". Yana da daɗin faɗa, amma da yawa cikin masu sa shi ba tsere suke yi ba, so suke motar ta kwanta ƙasa a kalle su. Kuma sunan bai gaya wa makanike inda zai kai hannu ba.

Wata 'yar'uwa ta kawo "shoki mai hawa da sauka". Yaya, wane shoki ne ba ya hawa da sauka? Aikinsa ke nan.

Wani malamin Hausa ya ce "shoki mai daidaita tsayi". Malam, ma'ana ta fita sarai, a jarida ma zan rubuta shi. Amma ba na jin mutumin da ke kwance ƙarƙashin mota da giris har gwiwar hannu zai tsaya ya furta wannan duka.

6/ Masu cewa a bar shi "koyiloba" su ne suka fi ba ni aiki, don hujjarsu mai ƙarfi ce. Birki, sitiyari, kabireta, giya, duk aro ne, kuma babu wanda ya mutu. Na yarda. Sai dai waɗancan sun shigo gareji babu kowa a kujerarsu. Wannan kuwa ya tarar da koyil a zaune, kuma kun ga inda ya kai Kawu tun a jimlar farko.

7/ Da na gaji da bayani sai na ɗauki hoto na tura masa. Minti biyu ya kira. "Au, shoki mai zobe ne! To zoben a ɗaure yake? Sifirin ɗin a zaune yake ko rawa yake yi?"

Ban taɓa jin kalmar ba, shi ma a lokacin ya yi ta. Amma ku lura da tambayoyin da suka biyo bayanta.

Na koma na ɗaga motar har taya ta yi reto. Na kama sifirin na ɓangaren direba, ya juya a hannuna. Zoben kullewa ya saki, na sama ya ɗan sauko, sifirin ba ya samun matsi in ƙafa ta miƙe. Na mayar da shi daidai da ɗaya ɓangaren, na ɗaure, na ja layi da alli daga zoben zuwa jikin shoki don in gane in ya sake motsi.

Ƙwas ɗin sitiyari laifina ne. A irin wannan ƙafa shoki da sifirin gaba ɗaya suke juyawa tare da taya, kuma boris ɗin da ke can sama shi ke ba su damar haka. Ni kuwa tsohon na mayar don tsimin kuɗi. Ya bushe, sifirin yana murɗewa har ya gaji ya yi tsalle. Na sa yaro ya murza sitiyari na ɗora tafin hannu a gefen sifirin, na ji tsallen kafin in ji ƙarar. Na canza boris biyun.

8/ Kwal-kwal ɗin ya ragu amma bai tafi ba. Na kwance linkej na ɓangarorin biyu, wato 'yan sandunan da ke haɗa ƙafa da ƙarfen da ke rage wa mota kwanciya a kwana, na ɗaure su gefe, na zaga unguwa a hankali: tsit. Ashe noti ɗaya bai kama ba, ƙusar ce ke juyawa tare da shi lokacin da nake ɗaurewa. Sai an riƙe ta da wani makulli dabam. Kukan birki da ya rage na fad ɗin tsere ne, haka suke in ba su yi zafi ba, maƙwabta su yi haƙuri.

9/ Wani oga ya ce zobe zai rikice da na fistin. Oga, a gareji ringi ake ce wa wancan, ban taɓa jin an ce injin ya ci zobe ba. Ni dai na tsaya a kan "shoki mai zobe", kuma haka zan riƙa rubuta shi daga yau.

10/ Saura ɗaya. Masu shiga filin tsere da gaske suna cire robar da ke saman shoki su sa wata ƙwallon ƙarfe da ke juyawa cikin gidanta, wadda ke shigo da kowace tsakuwa cikin kunnenka. Na nuna wa Kawu hoton, ya ce "gwiwar sama", sannan ya ce in ba shi zuwa gobe, bai gamsu ba tukuna. Wa ke da abin da ya fi?