Dan Allah ku bani shawara, yarona shekara 2 baya zama

Assalamu alaikum yan uwa, admin a boye sunana. Yarona shekararsa 2 da wata 3, da aka haifeshi ciwon shawara ya kamashi idonsa yai dorawa shar, muka tsaya shanya shi a hantsi da jike-jike sai kwana na 6 muka kaishi asibiti aka sashi a fitila. Yanzu wuyansa ya tsaya amma baya zama sai na tokareshi da filo, hannun dama kullum a dunkule, ko mama bai taba cewa ba. Likita yace shawarar ta taba kwakwalwa, aka turamu bangaren gashi, wato masu motsa masa gabobi. Wata 4 kenan muna zuwa banga wani canji ba ga kudin mota, surukata kuma tace iska ce a kaishi wajen mai magani. In daina zuwa ne ko yaya? Wlh na rasa yadda zanyi.

Yar Zariya: Yar uwa karki daina, gashi ba allura bace da za'a gani nan take. Nawa sai da mukai wata 8 kafin ya zauna da kansa, ranar kuka nayi. Abinda suke masa a asibiti kadan ne, babban aikin a gida yake, kice su koya miki ki dauka a waya. Ni bayan wankan safe nake kwantar dashi rub da ciki a tabarma in ajiye murfin kwano a gabansa yana kokarin mika hannu.

Anti Nas: Batun magana, a fara gwada jinsa tukunna. Shawara in tayi tsanani tana taba jijiyar ji, yaron da baya ji kuma bazai kwaikwayi magana ba. Akwai cibiyar kunne ta kasa a Kaduna, in Kano kike asibitin Malam Aminu Kano suna da bangaren kunne. Ki tambaya kuma a hadaki da masu koyar da rike cokali da zama a kujera, aikinsu daban da masu gashi. Kuma dan Allah banda dura, karki bashi kunu a kwance, irinsu basu da wuyar kwarewa.

Baban Yara: Hajiya ki lallaba ki tafi da surukar taki rana daya ta gani da idonta. Addu'a a cigaba da yi, bata hana asibiti. Amma kar a bari wani ya ja masa kafa da karfi ko ai masa tsaga.

Mai tambaya: Nagode sosai Allah ya saka. Anti gwajin kunnen nan ba'a taba mana ba, kuma gaskiya ko kofa aka buga ba kasafai yake waigowa ba. Ranar Litinin muke da layi, zan fadawa likitan.