Tambaya: jinin gwajin maleriya yana ɓarewa daga gilashi

Assalamu alaikum yayyena ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje. A Agege ta Legas nake, ina da rajistar MLSCN (hukumar da ke yi wa ma'aikatan ɗakin gwaje-gwajen lafiya rajista a Najeriya), ina shirin jarrabawar ɗaukar aiki a wani asibiti. An ce har da gwajin aikin hannu, nan kuwa na maƙale.

A gwajin maleriya shafin jini iri biyu ake yi a gilashi, siriri da mai kauri. Siririn shafi ba ya ba ni wahala: in kafe shi da sinadarin methanol, in zuba rinin Giemsa kashi 10 cikin 100, minti 10, shi ke nan. Amma mai kaurin, wanda ba a sa masa methanol, da na ɗauraye shi da ruwan pH 7.2 (ruwan da aka daidaita tsaminsa) sai jinin ya ɓare, tsakiyar ta zama fayau. Damshin Legas ne ke hana shi bushewa, ko ɗigon ne ya yi yawa?

Don Allah a taimaka, aikin nan nake nema ido rufe.